Ɗigon Bin Sawu: Mai Ƙidayar Masu Saye A Tallan Intanet

Yau za mu ɗan ajiye zancen farashin masara da waken soya, mu taɓa wata magana wadda ta fara shiga aljihun waɗansunmu ba tare da sun san ƙofar da ta biyo ba.

Dalilin wannan bayani kuwa, kwanan baya ne wani Alhaji mai sayar da injin feshi da iri da maganin ciyawa, nan wajen gadar Kwangila, ya tare ni da waya a hannu. Ya ce, "Malam, duba mini wannan abu. Yaron da na ba aikin talla a Facebook ya ce mutum 46 ne suka sayi kaya ta hannunsa cikin wata guda, yana neman la'adarsa. Ni kuwa da na buɗe littafi, waɗanda suka aiko kuɗi daga nesa ba su wuce 19 ba. Wa ke ƙarya, shi ko littafina?" Na ce, "Alhaji, mai yiwuwa ne babu maƙaryaci a cikinsu. Bari mu tuhumi wanda ya yi ƙidayar tukuna."

Kowa a nan ya san yadda la'ada take. Dillali ya kamo hannun mai saye ya kawo shi rumfa, a taya, a yi albarka, a ƙara, a sallama, a ba shi nasa a gaban mutane. Ɗan kamasho a tashar Kwangila ya yi ta kiran Funtuwa, Gusau, Sakkwato, har mota ta cika, direba na kallo, ba a gardama a kan wanda ya kawo fasinja. Rikici ya fara ne ranar da aka samu talla wadda mai kaya ba ya ganin mutumin da ta kawo masa. Tun lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya cikin 1939, wanda ya sa talla a jarida biya kawai yake yi, ya koma shago ya zauna yana fata. Haka ma ta rediyo. Turawa masu sayar da kaya ta gidan waya sun daɗe da yi wa abin dabara. Sai su sa talla a jarida uku, kowace da lamba dabam a jikin adireshi. In wasiƙa ta zo, a duba lambar, a san jaridar da ta jawo ta. To, ɗigon da muke magana a kansa jikan wannan dabara ne.

Mene ne ɗigon?

Duk hoton da kake gani a fuskar waya, ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera har suka zama hoto. Kowane ɗaya ana ce masa fiksel. Wajen ƙarshen shekarun 1990 masu talla suka lura da cewa in an dasa hoto mai girman ɗigo ɗaya tak, marar launi, a cikin shafin intanet, ido ba zai gan shi ba, amma waya ko kwamfuta tilas ta aika a ɗauko shi kafin ta ce shafi ya gama buɗewa. Hoton nan kuwa ba a gidan mai shafin yake ajiye ba. Yana can a babbar kwamfutar kamfanin talla.

A nan dabarar take. Ka ɗauka ka aiki yaro gidan wani ya karɓo maka allura. Da ya isa sai a ce masa, "Daga ina? Wa ya aiko ka? Me yake yi yanzu?" shi kuwa ya zayyana kome. Allurar ba ita ce abin nema ba, labarin da yaron ya bayar shi ne. Haka wayar mai saye take yi. Wajen ɗauko ɗigon sai ta faɗi lambar hanyar intanet da ta biyo, da irin wayar, da lokaci, da sunan shafin da mutumin yake kallo. Shi mai wayar bai sani ba, yana can yana duba farashin injin feshi.

Sa'an nan akwai abokin tafiyarsa da ake kira kuki, wanda wani injiniya Lou Montulli ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape cikin 1994. Shi kamar shaidar da ake rubutawa a jikin buhu ne kafin a ɗora a mota. Ɗigo ya maƙala wa waya wata lamba, gobe in wayar ta dawo sai a ce, ai buhun jiya ne. Da wannan ne ake haɗa sawun mutum, a san wanda ya ga talla ran Talata shi ne ya dawo ya biya ran Jumma'a.

Yanzu abin ya wuce hoto kawai. 'Yan layukan umarni ne ake liƙawa a cikin shafi, amma sunan ɗigo ya bi su. Google ya fito da ma'auninsa, Google Analytics, cikin 2005. Facebook ya fito da ɗigonsa na yanzu cikin 2015, bayan kamfanin ya koma Meta aka sake masa suna Meta Pixel. TikTok ma yana da nasa. Kowanne yana iya ba da labari daki-daki: an buɗe shafi, an duba kaya kaza, an sa a kwando, an biya Naira kaza. Duka kyauta suke ba da shi. Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa, za mu zo kan wannan.

Amfaninsa ga mai kaya a fili yake. Yana gaya maka tallan da ya kawo ciniki da wanda ya ci kuɗi kawai. Yana ba ka damar sake bin wanda ya leƙo ya tafi bai saya ba, a nuna masa kayan nan dai a Facebook ko Instagram, kuma Meta na iya riƙe irin waɗannan mutane a jerinka har kwana 180. Wannan shi ya sa za ka duba takalmi sau ɗaya, ya yi ta binka mako biyu kamar mai bin bashi. Kuma in ka tara aƙalla mutum 100 daga ƙasa ɗaya, kana iya cewa a nemo maka masu kama da su. Sai dai Meta da kansa ya ce na'urarsa na bukatar ciniki wajen 50 cikin mako guda a kan rukunin talla ɗaya kafin ta gama koyon irin mutanen da za ta nema. Wanda cinikinsa na nesa bai wuce biyar ko shida a mako ba, kada ya zaci na'ura za ta yi masa abin da take yi wa manyan kantunan Legas.

Kafin mu ci gaba, a san wannan, domin ana cutar mutane da shi. Ɗigo a shafinka na kanka ake dasa shi, watau wanda ka biya aka gina maka, yake da adireshinsa. Ba a dasa shi a WhatsApp. Yawancinmu a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, cinikinmu na nesa ga yadda yake: mutum ya ga hoto, ya kira waya ko ya yi magana ta WhatsApp, a daidaita, ya turo kuɗi ta banki ko OPay ko Moniepoint, a ga alat, a kai kaya tasha a ba direba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 wannan hanya ta ƙara kama ƙasa. Duk tafiyar nan ɗigo bai ga kome ba. Saboda haka in wani ya zo ya ce ka biya shi ya sa maka fiksel alhali ba ka da shafi, ka tambaye shi a bangon wa zai liƙa. Gaskiya ne Meta na ƙidaya waɗanda suka latsa talla suka fara magana da kai ta WhatsApp, amma sallama ba ciniki ba ce. Mutum nawa ne suke cewa "nawa?" su ɓace?

Yadda muka binciki na Alhaji

Shi Alhaji yana da shafi, an gina masa bara. Muka samu kwamfuta, muka sa wa burauzar Chrome wani ɗan ƙari na kyauta da Meta ya yi don wannan aiki, Meta Pixel Helper. Aikinsa ɗaya ne: in ka buɗe shafi ya nuna maka ɗigo nawa ne a ciki, da lambar kowanne, da labarin da kowanne ya aika. Google ma yana da irinsa, Tag Assistant. Kuma a cikin asusun talla na Meta akwai wurin da ake kira Events Manager, inda za ka ga labarin yana shigowa a daidai lokacin da kake gwaji.

Na ce wa yaron shago ya shiga shafin da wayarsa ya yi kamar zai sayi buhun iri. Ya latsa sau ɗaya, labari ya shigo sau biyu. Ashe wanda ya gina shafin ya dasa ɗigon, shi kuma mai talla da ya zo bai duba ba ya sake dasa shi ta wata hanya. Mutum ɗaya ya shigo ta ƙofa, masu gadi biyu suka rubuta shi. Nan take 46 ta koma 23.

Saura huɗu. Da muka ƙara dubawa, sai muka ga an ɗaura labarin "an saya" a jikin maɓallin aika oda, ba a shafin da ke fitowa bayan kuɗi sun shiga ba. Watau duk wanda ya ce yana so, an rubuta ya biya. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Mutum huɗu sun aika oda, ba su turo ko kwabo ba. Ka cire su, 19 ta fito daidai da littafi.

Yanzu ga inda abin ya taɓa aljihu. Alhaji ya kashe Naira 92,000 a tallan watan. A lissafin yaro, kowane mai saye ya zo masa a kan Naira 2,000, ciniki mai daɗi. A lissafin gaskiya, ya haura Naira 4,800. Da muka bi sunayen 19 ɗin nan ɗaya-ɗaya, Alhaji ya ce bakwai tsofaffin abokan cinikinsa ne na Giwa da Hunkuyi da Soba, waɗanda ko ba talla sai sun saya in damina ta matso. Sababbin fuska 12 ne. Ke nan kowane sabon mai saye ya ci kusan Naira 7,700. Ga wanda ya sayi injin feshi biyu da katan na magani, wannan ba kome ba ne. Ga wanda ya sayi ƙullin iri ɗaya, uwar kuɗi aka taɓa. Kuma kada a manta, tun farkon 2022 Meta na ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin talla na Nijeriya, a sa shi cikin lissafi.

Ban ga laifin yaron nan na ha'inci ba. Abin da allo ya nuna masa shi ya kawo. Laifinsa bai gwada ba, laifin Alhaji kuma ya bar wata guda bai haɗa allo da littafi ba.

Akwai waɗansu kurakuran da ba mu samu a nasa ba amma suna da yawa. Wani a rubuta kuɗin ciniki daidai amma a bar sunan kuɗin a dala, sai mai Naira 25,000 ya bayyana kamar ya kashe dala 25,000, mai talla ya zo yana murna. Wani a gyara shafi ko a sake masa fuska, ɗigo ya faɗi ba wanda ya lura, a yi mako uku ana biyan talla na'ura na harbi cikin duhu. Wani kuma yaran shago ne da kansu suke buɗe shafin sau ashirin a yini don duba farashi, ana ƙidaya su cikin baƙi. Don haka duk ranar da aka taɓa shafi, a yi cinikin gwaji a gani da ido. Gani ya kori ji.

Dillalai biyu, ciniki ɗaya

Ko ɗigo na aiki lafiya lau, akwai sauran magana, kuma dillalai za su fi kowa gane ta. A ce manomi daga Makarfi ya ga tallanka a Facebook ran Litinin ya latsa, bai saya ba. Ran Alhamis ya nemi sunan shagonka a Google, ya latsa tallan da ka sa a can, ya biya. Facebook zai ce nasa ne. Google ma zai ce nasa ne. In ka haɗa rahoton biyu sai ka ga ciniki biyu, alhali buhu ɗaya ya fita daga sito. Kowane kamfani da mudunsa yake awo, kuma shi ne mai sayar maka da tallan, shi ne mai gaya maka ko ya yi amfani. A kasuwar hatsi wa zai yarda mai kaya ya auna shi kaɗai a bayan rumfa ya fito ya ce tiya arba'in ce?

Ga yadda mudun Meta yake in ba ka sauya shi ba. Wanda ya latsa talla ya saya cikin kwana 7, nasu ne. Wanda ya ga talla kawai ta wuce ta gabansa bai latsa ba, ya saya cikin kwana 1, shi ma nasu ne. Kafin 2021 wa'adin latsawa har kwana 28 ne. Wannan na biyu, na gani kawai, shi ne nake so ku sa wa ido. Kamar dillalin da ya ɗaga wa mutum hannu a bakin titi ne, gobe ya ji ya sayi kaya ya zo karɓar la'ada. A cikin rahoto ana iya raba su, a ga na latsawa dabam, na gani dabam. Ka ce wa mai yi maka talla ya raba maka.

Kuma mudun kan yi kuskure. Cikin 2016 Facebook ya amsa da bakinsa cewa ya yi kusan shekara biyu yana kumbura lissafin tsawon lokacin da mutane ke kallon bidiyo. Masu talla suka kai ƙara a Amurka, aka sasanta cikin 2019 a kan dala miliyan 40. Ban kawo wannan don a ce kada a yi talla ba. Na kawo ne don a san allo ba alƙali ba ne.

Ta ɗaya gefen kuma, ɗigo na rage ƙidaya, ba ƙari kaɗai yake yi ba. Cikin Afrilun 2021 kamfanin Apple ya sa dokar cewa kowace manhaja sai ta nemi izinin mai iPhone kafin ta bi sawunsa, mutane da yawa suka ce a'a. Meta ya gaya wa masu hannun jarinsa cewa wannan zai ci masa wajen dala biliyan 10 a 2022. Burauzar Safari da Firefox sun riga sun toshe kukin baƙin kamfanoni. Google ya yi shekaru yana cewa zai yi haka a Chrome, cikin 2024 ya fasa. Mu a nan abin da ya fi damunmu ma ba iPhone ba ne. Sabis ne da data. Mutum a ƙauye ya latsa talla, shafi na ta juyawa, ya gaji ya rufe kafin ɗigo ya farka. An caje ka kuɗin latsawa, ɗigo bai ga kowa ba. In ka ga masu latsawa 500 amma waɗanda shafi ya buɗe musu 150, ba tallan ne da laifi ba, shafinka ne ya yi nauyi, a rage girman hotuna. Masu amfani da Opera Mini don tsimin data su ma sau da yawa ɗigo ba ya kama su daidai. Ga kuma waya ɗaya da maigida da ƙane da yara suke taɓawa, na'ura na zaton mutum ɗaya ne mai son taki da atamfa da ƙwallon Turai gaba ɗaya. Har garin da mutum yake ma, rahoto kan ce Legas ko Abuja alhali yana zaune a Ɗan Magaji, domin ta can layin kamfanin waya ya fita. Uwa-uba wanda ya ga talla ya hau Keke Napep ya zo shago da ƙafarsa. Alhaji ya tuna mutum uku irin wannan, yaron bai samu ko sisi a kansu ba.

Masu aika talla ta imel su ma ɗigo suke sawa don su san wanda ya buɗe wasiƙa. Tun Satumbar 2021 manhajar wasiƙu ta Apple ke ɗauko ɗigon da kanta ko mutum bai buɗe ba, saboda haka wannan ƙidaya ta rage daraja.

Asirin abokin ciniki

Mu koma kan zomon nan da aka kai kasuwa. Me ya sa kamfani zai ba ka ma'auni kyauta? Domin duk labarin da ɗigo ya ɗauka a shafinka, gidansu yake zuwa. Kai ka ga adadi, su sun ga mutane. Da shi suke ƙara sanin wa ke son me, kuma da wannan sani suke sayar da talla ga kowa, har da maƙwabcinka mai irin kayanka.

Saboda haka tambaya ta farko ga duk wanda ya gina maka shafi: ɗigon nan a asusun wa yake? In a nasa yake, ranar da kuka ɓata ya tafi da jerin masu sayenka kamar yaron shagon da ya gudu da littafin bashi. A buɗe asusun da sunanka da lambar wayarka, kai ka ba shi izinin shiga, kai za ka iya cire shi. Ta biyu, ɗigo nawa ne a shafin? In ɗan ƙarin nan ya nuna lambar da ba taka ba, a yi maka bayani ko a cire. Ba a barin baƙo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar rumfa yana rubuta sunan masu shiga.

Ta uku ita ce mai nauyi: me ɗigon yake kwasa? Akwai wani maɓalli a ciki wanda in an kunna shi, ɗigo zai riƙa ɗaukar lambar waya da imel da sunan da mai saye ya rubuta, ya rikiɗa su zuwa waɗansu lambobi, ya aika don a gane mutumin a Facebook. Wannan ya jefa manya cikin wahala. Cikin Yunin 2022 'yan jaridar The Markup a Amurka suka binciki shafukan manyan asibitoci 100, suka samu 33 na aika wa Facebook labari in mutum ya nemi ganin likita. Cikin Agustan 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Suwidin ta ci tarar kantunan magani biyu, Apoteket kurona miliyan 37, Apohem kurona miliyan 8, domin ɗigon Meta ya riƙa aika labarin irin magungunan da mutane suka saya. Ba da niyya suka yi ba, maɓalli aka kunna ba a duba ba, aka daɗe ba a lura ba. Masu kemis da masu maganin gargajiya da ke talla a intanet, ku ji wannan da kyau. Wanda ya sayi maganin basir ko na rashin haihuwa a wurinka, amana ya ba ka.

Kada kuma a ce wannan dokar Turai ce. Hukumar NITDA ta fito da ƙa'idar kare bayanai cikin 2019, sa'an nan cikin Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce wanda zai tara bayanan mutane ya kasance yana da hujja, ya gaya musu abin da yake tarawa da inda zai kai, kuma mutum na da ikon cewa kada a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa talla. Tarar ƙaramin mai laifi na iya kaiwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo masa a shekarar da ta wuce, wanda ya fi yawa a ciki. Ta manya kuwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Meta kansa bai tsira ba. Cikin Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci shi tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar cikin Afrilun 2025. A Fabrairun 2025 NDPC ma ta ɗora masa dala miliyan 32.8, maganar ta je kotu, daga baya suka sasanta. Ba na zaton gobe hukuma za ta zo Kwangila neman mai injin feshi. Amma rubuta layi huɗu a shafi, da Hausa da Turanci, cewa akwai ɗigon Meta ko na Google a nan, ga abin da yake ɗauka, wanda bai yarda ba ya latsa nan, bai kai wahalar zuwa ofis amsa tambaya ba. Sai dai a tabbata in mutum ya ce a'a ɗigon ya yi shiru da gaske. Shi ma ana gwada shi da ɗan ƙarin nan.

Waɗansu masu talla yanzu za su ce maka a bar ɗigo, a haɗa kwamfutar shafinka da ta Meta kai tsaye, labari ya riƙa tafiya ta bayan gida ba ta wayar mai saye ba. Akwai wannan hanya, kuma tana kama waɗanda ɗigo ya rasa. Amma in an haɗa ta da ɗigo ba a ba kowane ciniki lambar shaida guda ba, ƙidaya biyu-biyun nan za ta dawo. Kuma izinin mai saye bai faɗi ba don an sauya ƙofa.

Yadda suka rabu da yaron

Alhaji ya biya shi la'adar 19, ya ƙara masa ta ukun da suka zo da ƙafa. Aka cire ɗigo ɗaya, aka mayar da labarin "an saya" inda ya dace, aka dawo da asusun hannun Alhaji. Suka yi sabuwar yarjejeniya: la'ada a kan alat ce, ba a kan allo ba, kuma ta sabon mai saye ta fi ta tsoho.

Don cinikin da ke ƙarewa a waya ko a shago, muka koma dabarar masu gidan waya. Kowace talla da kalmarta. Ta Facebook ta ce wanda ya ce "damina" za a yi masa gyara, ta TikTok ta ce "kaka", ta rediyo ta ce "bazara". A littafin ciniki aka ja layi biyu sababbi, ɗaya na "a ina ka ji mu", ɗaya na "sabo ko tsoho". Yaron shago zai riƙa tambaya yana rubutawa. Kowace Asabar bayan an rufe, a ajiye littafi da alat na banki da rahoton Meta wuri ɗaya a duba. In bambancin allo da littafi ɗan kaɗan ne, a bar shi, dama ba za su taɓa zama daidai cif ba. In allo ya ninka littafi, ko ya faɗi ƙasa warwas alhali kaya na fita, a tsayar da talla a kira wanda ya dasa ɗigon kafin a sake zuba kuɗi ran Litinin.